Kamu Goma Sha Huɗu

Daminar bana da iska ta zo mana. Ruwan ba daga sama yake saukowa ba kamar yadda aka saba, daga gabas yake tahowa a kwance, ya daki ƙofa, ya bi ta ƙarƙashinta, ya malalo har gindin gado. Gidan da muke ciki a garin Isa, tun da zaman ƙauye ya gagare mu, ƙofofinsa na ƙarfe ne, tagoginsa na gilashi, amma wanda ya kafa su ina jin bai taɓa kwana a ɗaki da damina ba. Matata Rabi ta gaji da matsar tsumma, ni kuma na gaji da jin mitarta, sai na kira Isiya kafinta ya zo ya sa mana roba.

Ya zo da tef ɗinsa, ya ja nan, ya ja can, ya latsa waya, ya ce ƙofa biyu da taga uku za su ci roba yadi ashirin da huɗu, da gam gwangwani ɗaya. Ya faɗi kuɗin. Ban yi ciniki ba, abin da ya ba shi mamaki ke nan, don ya san halina. Cewa na yi ya ƙara yadi uku a kai.

"Baba, ɓarnar kuɗɗi ta," in ji shi. "Tef ba shi ƙarya."

"Hannuna ma bai taɓa yi min ƙarya ba," na ce masa. "Ƙara ukun dai."

Ya ƙara, yana kallona kamar tsufa ya fara taɓa ni. Ban ba shi labarin ba, don sauri yake yi, kuma mai waya a hannu bai iya jiran labari ya kai ƙarshe ba. Amma tun da ya tafi wata damina take ta yi min yawo a kai.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Muna zaune a wani ɗan ƙauye ta wajen Turba, ni da Inna mahaifiyata da Rabi, aurenmu bai cika shekara biyu ba. Daminar da ta gabata ta yaudare mu, gero na fidda kai ruwa ya ɗauke, abin da muka girba bai kai rabin rumbu ba. Kafin a gama noman farko, in ka leƙa rumbunmu ka yi magana sai ya amsa maka.

Ita kuwa daminar da nake magana, ruwanta ya zo har ya wuce roƙo. Da marka ta kama, sai mu yi kwana huɗu, kwana biyar, ba mu ga ƙwayar rana ba. Riga ba ta bushewa a jiki balle a igiya. Itace ya jiƙe, ashana ta yi laushi, da safe mata na bin gidaje da kasko suna neman inda wuta ta kwana. Bangon ɗaki ya sha ruwa har in ka dangwala yatsa sai ya nutse. Ga kukan kwaɗi, ga sauro, ga warin danshi da ya kama tabarma da bargo da komai.

Sau ɗaya ake ɗora tukunyar kirki, da la'asar. Da safe Inna za ta tsinko tafasa a bayan gida ta dafa, ta matse, ta barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Da shi muke fita maimai, noma na biyu. Abin haushin shi ne gona ta yi kyau. Gero ya yi kore shar, ya fi ni tsawo, ko da yake wannan ba wani abin yabo ba ne, don tun ina yaro Guntu ake ce min. Ka tsaya a tsakiyar abinci, cikinka na ƙugi, kana lissafin sauran mako nawa a fara gasa tumu. Gayya dai ba ta mutu ba. Yau gonar wane, gobe ta wane, mai gona ya fito da kunu tsararo wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa, a sha a yi godiya, ba mai cewa uffan.

Rabi tana da cikin fari. Da ya shiga wata bakwai aka kai ta gidan iyayenta a Kamarawa goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. An ɗan gaggauta kai ta, kuma kowa ya san dalili: can suna da sauran dawa, mu ba mu da ita.

Ba ta yi kwana goma ba. Muna cikin gayya a gonar wani maƙwabcinmu sai ga wani mutumin Kamarawa ya biyo ta kan hanya. Bai gaya min ba, ba a gaya wa uba irin wannan. Wanda ke kusa da ni ya gaya wa, da ƙarfi yadda zai shiga kunnena: matar Guntu ta haihu jiya, mace, amma bakwaini ce, sai addu'a.

Ban ɗago ba. 'Yar fari ce, kuma a wajenmu mutum ba ya nuna ya san da zaman ɗansa na fari. Ba ka kama sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in aka yi maka barka sai ka kau da kai kamar da wani ake. Na ci gaba da noma. Sai da mai gona ya taɓa ni ya ce in je in sha ruwa na lura gero nake sassarewa, na bar ciyawa tsaye. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

A rana ta uku na hau keke na tafi Kamarawa gaisuwa. Iyakata zaure, nan suruki yake tsayawa. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa. Surukina, Malam Nomau, yana zaune a kan buzunsa, ya miƙe ƙafa ɗaya da kurkunu ya kama, an naɗe tsutsar a jikin ɗan tsinke. Shi ya hana shi fita gona daminar nan. Mutum ne marar magana, tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Muka gaisa, muka yi maganar ruwa da ta ƙafa. Maganar da ta kawo ni ba wanda ya taɓa ta. Da ya ga na ƙi tashi, sai ya ɗaga murya ya kira mahaifiyarsa, ya ja sandarsa ya shige gida.

Mahaifiyar tasa, Kaka Tumba, ita kaɗai ce a gidan nan nake iya haɗa ido da ita. Kakar matata ce, don haka abokiyar wasata, kuma ita ce ungozomar unguwar. Tsufa ya ranƙwafar da ita har tsayinmu ya zo ɗaya.

"Guntun miji, kaz zo ganin kishiyata?" ta ce. "To, da kai tay yi kama. Ko tahin hannuna biyu ba ta cika ba."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita ma sai ta daina wasan, ta zauna kusa da ni ta rage murya. Ta ce sun naɗe yarinyar da auduga, suna shafa mata man shanu, nono kuwa sai an tatsa an ɗiga mata, don ba ta da ƙarfin tsotso. Tun da ta faɗo ba ta yi kukan kirki ba, sai ɗan tsiyu-tsiyu kamar ɗan tsako. An sa su a soron Malam, shi kaɗai ne ba ya yoyo, ga kaskon garwashi dare da rana. Amma ƙofar soron gabas take kallo, kuma ƙyauren kwano ne da ya karkace, bai haɗuwa da katakon bango.

"Tsumma muka cusawa," in ji ta. "In anka buɗe shi hwaɗi, in ruwa yaz zo shi jiƙe, in iska tat taso ta turo shi ciki. Shekaranjiya da hadarin ga yat taso, ɗiyag ga ta yi sanyi ƙalau kamar randa. Sai da nis saka ta cikin zanena ga ƙirji har isha'i kahin ta dawo. Ba ni ɓoye maka, angona. In anka ƙara guda biyu irin wanga, ban ce ba."

Ba ni da bakin tambayar yarinya, sai na tambayi ƙofa. Na taɓa yin cin rani a birni wajen wani kafinta, na ga yadda ake yanka robar cikin taya a buga ta a jikin katakon ƙofa, rabinta ya kwanta a kan ƙyaure ya rufe kafar. Na ce wa Kaka ta je ta auno min, tun da ni ba ni da damar shiga. Ta tafi ta dawo, ta ce tsawo kamu huɗu, faɗi kamu biyu, 'yar tagar kuma kamu ɗai-ɗai ta kowane gefe.

Na ɗauki tsinke na zana a ƙasan zaure. Gefe biyu na ƙofa, takwas. Sama, biyu, goma ke nan. Ƙasa ba ta son roba, buhun algarara za a naɗe a buga, don ya riƙa sharar ƙasa. Taga huɗu. Roba kamu goma sha huɗu. Kowane kamu kusa biyu, ashirin da takwas, da huɗu na buhu, talatin da biyu. Kowace kusa da marfin kwalba, don kada kanta ya yaga robar. Na duba lissafin nan sau biyu, na ji daɗin kaina ƙwarai. A ƙauyenmu ni ake kira in za a raba taki ko a ƙiyasta damman gona, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Kuɗi ne babu. Abin da ya rage mana a gida gero tiya huɗu ne a cikin tulu, Inna ta liƙe bakinsa da laka, shi muke gutsura har tumu ya nuna. Na daɗe ina kewaye-kewaye a tsakar gida ban iya buɗe baki ba. Ita ta gane. Ta fasa lakar da kanta, ta auna uku ta zuba min a buhu.

"Tahi," ta ce. "Tahwasa ba ta ƙare ba ga bayan gida."

Washegari ranar kasuwa ce. Na yi sammako, inda hanya ta yanke na saɓa keke a kafaɗa na ratsa ruwa har ƙugu. Gero na da tsada shekarar nan, kafin in sauke buhu an saye. Na sayi kusa talatin da biyu, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, mai kusa yana tsaki. Na sayi tsohon buhun algarara. Marafan kwalba a gindin teburin mai lemo na tsince su cikin taɓo, ban damu da masu kallo ba. Sannan na nufi wajen mai ɗinkin guga, don shi ke da robar cikin tayar mota.

Ya yanko min dogon zare mai faɗin yatsa uku, ya kama zai auna. Na ce a'a. Roba tana miƙewa, kuma na san halin 'yan kasuwa, zai ja ta yana aunawa, in na je gida ta koma. Na ce ni zan auna da hannuna. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo min da sauri. Ban taɓa ganin mai sayarwa ya yarda da sharaɗi da sauri haka ba, kuma ko wannan bai sa na farga ba. Na ɗora daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, na auna goma sha huɗu cif. Don in rage wa kaina aiki, na sa ya yayyanka min a nan take: huɗu, huɗu, biyu, sai ɗai-ɗai guda huɗu.

Mutumin yana da sauran imani. Ya ce, "Ƙara ko kamu biyu na, malam. Aiki ba shi rasa gyara."

Na duba abin da ya rage a hannuna. Ko dai kamu biyun nan, ko kanwa da 'yar barkono ta kunun mai jego. Na ce masa lissafina ba ya neman ƙari. Na sayi kanwa.

Bayan azahar na isa Kamarawa. Niyyata in miƙa wa Kaka kayan, wani daga cikin yayyen Rabi ya buga. Ashe duk mazan gidan suna gayya a fadama, sai magariba. Gabas kuwa ta fara haɗa rai, iska ta tsaya cak, zafi ya sauko irin wanda kowane manomi ya san abin da ke bayansa.

"Shigo ka buga da kanka," in ji Kaka.

Na ce ina, ba a yi haka ba.

"Kunyakka za ta tare iska? Shigo, nic ce!"

Ta shiga gaba tana shela, mata suka watse. Surukata ta faɗa ɗakin girki ta saki asabari. Na ratsa tsakar gidan nan kaina a ƙasa, ƙafata ba takalmi, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. An rataya zane a cikin soron an kare gado, ko da an buɗe ƙofa ba abin da zan gani.

Aikin na mutum biyu ne. Dole a rufe ƙyaure, wani ya danne shi daga ciki, ya riƙa duba inda haske ke shigowa, don inda haske ya bi nan iska za ta bi. Kaka ba ta da ƙarfin dannewa. Ina tsaye ina tunanin wa za a samu, sai na ji ƙarar sanda. Malam Nomau ne ya jawo ƙafarsa, buzunsa a hammata, ya wuce ni ba tare da ya dube ni ba, ya shiga ya shimfiɗa a bayan ƙyaure, ya tura shi ya rufe.

Da taga na fara. Na ɗora robar farko, sai na ga ba ta kai kusurwa ba, saura kamar yatsa huɗu. Na ce ko yankan mai guga ne. Ta biyu ma haka, ta uku haka. Na kwaɓa laka na toshe kusurwoyin, na ce ba komai. Kaka ta nuna min wata 'yar kafa can sama ta yamma, ta ce in na kuskura na taɓa ta sai ta karya min hannu, ta hayaƙi ce. Na naɗe buhu na buga a ƙasan ƙyaure, ya zauna daram. Sannan na ɗauki doguwar robar, na kafa kanta a saman katakon ƙofa, na sake ta ta sauka.

Ta tsaya a sama da ƙasa da fiye da taƙi guda.

Na juya ta, na sake ɗorawa, kamar juyawa za ta ƙara mata tsawo. Na auna ta da hannuna, huɗu cif. Na auna ƙofar, huɗu da rabi har da ɗoriya. Kaka na tsaye a bayana, ta miƙo hannu za ta karɓa ta gani, sai a lokacin na dubi hannun nan da kyau. Doguwar mace ce. Bayanta ne ya ranƙwafa, hannunta bai ranƙwafa ba. Ta ɗora gwiwar hannunta a kan tawa, yatsunta suka wuce nawa da yatsa huɗu. Ita ta auna da nata, ni na saya da nawa.

Da wata rana ce, da ta shekara tana yi min dariya. Ran nan ko murmushi ba ta yi ba.

Na ce roba ai tana miƙewa. Na buga ta farko ina ja, ta yi siriri amma ta kai, da ƙyar. Ta sama ma na ja ta ta kai. Daga ciki muryar Malam na fitowa a hankali: "Sama kaɗan. Nan da haske. To, ya ɓace." Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi. Saura gefen da ƙyaure ke buɗewa, inda kafar ta fi faɗi, har hannu na shiga. Na buga kusa uku, na ja, na ƙara ja. Tsohuwar roba ce, rana ta gama cinye ta. Ta tsinke a hannuna, guntun ya tsage gida biyu. Abin da ya rage a buɗe ya fi kamu ɗaya da rabi, daidai tsayin gado.

Iskar farko ta iso a lokacin, mai sanyi, mai ƙanshin ruwa. Kaji suka ruga, zanen da aka rataya a ciki na ji shi yana kaɗawa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kasuwa ta yi nisa, kuɗi sun ƙare, buhu na riga na buge shi. Na duba robar keken da na zo da shi, siririya ce, ba za ta rufe rabin kafar ba. Na tsuguna a bakin ƙofar nan da guduma a hannu, na tuna geron Inna, na tuna mai guga yana cewa in ƙara biyu. Na tsani kaina ran nan, na tsani lissafin da nake taƙama da shi.

"Mi ya hwaru?" in ji Malam daga ciki.

"Ba ta kai ba, Baba. Kuskurena na."

Na ji motsi, na ji ya ce wa Kaka, wadda ta riga ta shige wajen mai jego, ta miƙo masa aska. Sai wani sauti, kyar, kyar, a hankali, irin na yankan fata. Can sai ga abu yana fitowa ta kafar, fari, mai gashi. Buzunsa ne. Ya yanko shi ta tsawonsa, faɗin tafin hannu. Buzun nan na ragon layyar mahaifinsa ne, kowa a gidan ya sani, a kansa yake salla tun kafin a haifi Rabi, ko jikokinsa ba sa taka shi.

"Baba..." na ce.

"Gashin ta ciki. Buga."

Bai isa ba, ya sake yanko wani ya turo. Kusoshina sun kusa ƙarewa, na ciro na robar da ta tsinke na miƙe su a kan dutse. Ruwa ya fara sauka manya-manya, yana dukan ƙyauren kwano kamar ana watsa tsakuwa. Tun farko Kaka ta ce in riƙa bugawa a hankali saboda yarinya, kuma duk bugun da na yi ko motsi ba ta yi ba, abin da ya fi komai tayar min da hankali ke nan. Yanzu ba lokacin a hankali. Ruwa na shiga min ido, ina lalubar marfin kwalba cikin taɓo, Malam na cewa, "Ƙasa. Ƙara ƙasa. Saura nan." Kusa ta ƙarshe ta lanƙwashe. Na miƙe ta, na ɗaga guduma na maka mata da duk ƙarfina, har ƙyauren ya amsa.

"Babu haske," in ji Malam.

Sai yarinyar ta tsala kuka.

Ba tsiyu-tsiyu ba, kuka sosai, na wanda aka tasa daga barci ya ji haushi. Siriri ne, amma ya keto ƙarar ruwa ya fito. Muryar nan ce yau take yi min faɗa a waya in na ƙi shan maganin hawan jini, 'ya'yanta biyar, kuma har gobe ban iya kama sunanta ba. Na ji Kaka tana salati, na ji Rabi tana dariya da kuka a haɗe. Hadarin ya sauke duk abin da ya ɗauko a kan ƙofar nan da bayana, ban ji an ce a ƙara garwashi ba.

Aiki ya ƙare, abin da ya kamata in yi shi ne in tattara guduma in koma zaure. Amma ban tashi ba. Ina durƙushe, goshina a jikin kwano, ruwa na bin fuskata, na gode wa Allah da ya sa ruwa ake yi.

"Kana nan?" in ji Malam, bakinsa daf da ƙyaure.

"Ina nan, Baba."

"Ka jiya?"

"Ban ji komi ba, Baba. Ruwa ya cika ƙara."

Yarinyar kuwa sai ƙara buɗe murya take yi. Na yunƙura zan tashi.

"Dakata," ya ce. "Kusag ga ta tsakiya, kamar ba ta zauna ba. Duba ta da kyau. Kak ka yi sauri."

Na shafa ta. Ta zauna daram, ko da ƙarfe ba a ciro ta. Na ɗora guduma a kanta ban buga ba, na gyara durƙuso, na ce, "To, Baba."